Shiga kwamfutar gida ta waya: abin da ya yi aiki a Garwa

Kwamfutar tebur ce mai Windows 10 Pro, a gida a Garwa ta ƙasar Kamaru, intanet ɗinta daga ƙaramin modem mai sim. Na so in riƙa buɗe ta daga wayata ko ina Marwa ko Ngaundere.

Kunna ƙofar shiga daga nesa, wato Remote Desktop, ba wuya. Tawa da Faransanci take, don haka Paramètres, Système, sai Bureau à distance. A duba tukuna, domin Windows Home ba ta karɓar irin wannan shiga. Mai ita sai ya koma Chrome Remote Desktop, ya sa lambar sirri mai lambobi aƙalla shida.

Da farko na buɗe tashar 3389 a modem, wato hanyar da irin wannan shiga ke bi, shiru kake ji. Na duba adireshin da modem ya samu, ya fara da 100.64, alamar kamfanin waya ya haɗa mu da yawa a bayan adireshi guda, abin da ake kira CGNAT. Kiran waje ba zai taɓa isowa ba. Ya ma fi alheri, don barin 3389 a fili gayyatar ɓarayi ne. Sai na sa Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka kamar suna gida ɗaya, a kwamfuta da waya da asusu ɗaya, ya ba kowace adireshinta, na rubuta na kwamfutar a Windows App, manhajar shiga kwamfuta daga waya. Lambar PIN ɗin da nake buɗe kwamfuta da ita aka ƙi karɓa, sai cikakkiyar kalmar sirrin asusu. Nan ma allon rubutu na AZERTY ya ruɗa ni, A ta zama Q.

Wahalar gaske wuta ce. In aka ɗauke aka dawo da ita, kwamfutar tebur ba ta tashi da kanta, kai kuma kana nesa. A BIOS, wato saitin injin da ake shiga kafin Windows ta tashi, akwai Restore on AC Power Loss, a injinan Dell kuma AC Recovery, sai a mai da shi Power On. Wannan ma bai isa ba: kwamfutar ta tashi amma Tailscale na jiran a shiga asusu, har sai da na kunna Run unattended. Na kashe barcin kwamfutar gaba ɗaya a saitin wuta. Modem na jona shi da UPS, na'urar ajiye wuta, wanda a shagunan nan ake kira onduleur, tunda ɗan abin da yake ci bai taka kara ya karya ba. A Maris da Afrilu, da zafi ke wuce digiri 40, injin ya riƙa mutuwa da rana, sai da na kaɗe ƙurar hunturu daga fankarsa, na ɗaga shi daga ƙasa.

Makullin Tailscale, wato izinin da yake ba na'ura, yana ƙarewa bayan kwana 180, a kashe wannan wa'adi ga kwamfutar gida tun ranar farko. Gwaji kuwa, a rufe Wi-Fi na waya, a shiga da data, sannan a zare filogin kwamfutar a mayar, a ga ko za ta dawo ba tare da an taɓa ta ba.