Yadda labarin marubuci ke narkewa a talabijin na Amurka

Fim ɗin barkwanci The TV Set na 2006, wanda Jake Kasdan ya rubuta ya kuma ba da umarni, ya taɓo ciwon marubutan manyan gidajen talabijin irin su ABC, NBC da CBS. David Duchovny ne ya fito a matsayin marubucin da ya gina labarinsa kan ɗan'uwansa da ya kashe kansa. Sigourney Weaver, wadda ta fito a matsayin shugabar gidan talabijin ɗin da zai nuna shirin, ta nemi a cire mutuwar, wai tana kashe wa masu kallo jiki.

Haka abin yake a zahiri. A da can, wajajen Janairu ake ba da izinin ɗaukar kashin gwaji, wato kashi na farko da ake yi don a gwada sabon shiri, a ɗauka kafin ƙarshen Afrilu, a Mayu kuma a baje kolin shirye-shiryen da suka tsira a gaban masu talla a New York. Shirin rabin sa'a minti 22 ne kacal, sauran na talla.

Ɓarnar daga zaɓen jarumi take farawa. Marubuci na son mai wasa a natse, gidan na son mai yawan mutsu-mutsu, kuma gidan ne ke da ta cewa. Sai gwajin 'yan kallo: a tara mutane a ɗaki, kowa da na'ura a hannu, ya murɗa dama in ya ji daɗi, hagu in ya gundura. Wurin shiru, inda labarin ke da nauyi, nan makin ke faɗuwa, nan kuma almakashi ke sauka. Abin takaici, sau da yawa wurin nan ne dalilin rubuta labarin tun farko.