Godiya ga zangunan Gana da jama'armu ta Agege

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, ni da Baba mun iso gida Agege daren Laraba, kuma da ƙafarsa ya sauka daga mota. Kwana ashirin da uku muka yi a tafiyar da muka yanka wa mako ɗaya. Waya ba ta bar ni na amsa wa kowa ba a kwanakin nan, shi ya sa na zo nan in yi godiya a bainar jama'a.

Ga waɗanda ba su san dalilin tafiyar ba: a zangon Kumasi aka haifi Baba. Kakanmu ɗan kasuwar goro ne, jikan fataken Gwanja da suke ɗaukar kanwa da tufafi da fatu daga Kano, su yi watanni a hanya har Salaga, su komo da goron dajin Asante. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Baba yana da shekara goma sha biyu aka ɗora su a bayan babbar mota. Kakanmu ya zaɓi Agege saboda a nan ma goro ne ke riƙe da gari. Kabarin kakarmu kuwa can ya rage. Tun ina yaro nake jin Baba yana cewa yana son ya je ya yi mata addu'a kafin ta Allah ta kasance.

Daga Mile 2 muka tashi, muka ratsa Badagry, muka ƙetare iyaka a Seme. Kwatano, Wida, sai iyakar Hilakonji. Gaɓar tekun Togo ba ta kai kilomita 60 ba, kafin mutum ya gama kallon bishiyoyin kwakwa da jiragen masunta har an wuce Lome an shiga Aflao. Ƙasa huɗu a yini ɗaya, kuɗi iri uku: naira, sefa, sidi. Agogo ma sai da muka mayar da shi baya da awa ɗaya.

Mun kusa gadar Sogakope, inda hanya ke ƙetare kogin Volta, Baba ya jingina da kafaɗata ya daina amsa magana. Hawan jini ne da suga suka taso masa lokaci guda.

Godiyata ta farko ga direbanmu ce, ɗan ƙabilar Ewe, Kirista. Bai tsaya shawara da kowa ba, ya karya kan mota zuwa asibiti, fasinjoji kuma ba wanda ya yi ƙorafi duk da dare ya kawo jiki. Shi ya ciccibi Baba tare da ni. Na miƙa masa abin da ke aljihuna, ya tura hannuna baya. Likitoci da ma'aikatan jinya sun karɓe mu kafin su tambayi kuɗi, Allah Ya saka musu.

Sai wadda ba zan manta da ita ba har abada. Da asuba ina bakin ƙofar asibiti ina waya da ƙanwata, hawaye na zuba, katin bankina ya ƙi aiki, sidin da na canza a Aflao ya ƙare. Wata dattijuwa mai sayar da koko da ƙosai ta ji Hausa a bakina, ta ce, "Ɗana, me ya samu tsoho?" Na ce, "Inna, daga Ikko muke, ban san kowa a nan ba." Ta ce, "Ka san ni yanzu." Ta bar wa jikarta tukunya, ta kai ni wurin limamin zango. Kafin azahar an ba ni ɗaki, matasa sun raba kwanan jinya a tsakaninsu, mahauta sun biya kuɗin maganin farko. Kwana tara Inna tana aiko da abinci, ta hana gishiri shiga na Baba kamar yadda likita ya ce. Daga baya na ji cewa su ma ba su daɗe da farfaɗowa ba daga ambaliyar Oktoban 2023, lokacin da aka saki ruwan madatsar Akosombo ya ci gidaje a garuruwan bakin kogin. Mutanen da ruwa ya ci wa kaya su ne suka ciyar da mu.

Hausarsu ta ɗan bambanta da tamu, sukan ce "ya zo" ko da mace ake nufi, amma ba mu taɓa neman tafinta ba. Sunayen abincin ma namu ne: koko, ƙosai, tuwon zafi, da shinkafa da waken da duk Gana ke kira wakye.

Jama'ar Agege, ku kuma me zan ce? 'Yan kasuwar goro, masallacin unguwarmu, abokaina na Mile 12 da Idi-Araba, matan da suka riƙa zama da Umma: cikin kwana biyu kun haɗa abin da ya biya asibiti har da saura. Na gode wa ɗan canjin da ya san hanyar da kuɗin suka faɗo wayar ɗan liman a sidi, bai cire ko kwabo ba.

Da aka sallame mu na so mu juyo. Baba ya ce, "Kai, yaro, na zo bakin rijiya in koma da ƙishirwa?" Likita ya yarda da sharaɗin mu huta a Ankara, babban birnin Gana. Mutanen unguwar Nima suka karɓe mu daga hannun na Sogakope kamar amana. Mun yi Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, kuma ko'ina muka zauna sai an ambaci Babban Limamin Gana, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda ya haura shekara ɗari, da girmamawar da Musulmi da Kirista suke yi masa. Na ga tasirin wannan zaman lafiya tun a hannun direbanmu.

Daga Ankara zuwa Kumasi kusan kilomita 250 ne, hanya ta bar iskar teku ta shiga daji da gonakin koko ɗin da ake yin cakulan da shi. Baba bai gane garin ba, kasuwar Kejetia kaɗai ta isa ta ɓatar da baƙo. Amma da muka shiga zango ya ambaci sunan mahaifinsa, aka kai mu wurin wani tsoho makaho da suka yi makarantar allo tare. Ya shafa fuskar Baba, ya kira shi da sunan da tun rasuwar kakanmu ba wanda ya sake kiransa da shi. Tsohon ya haɗa mu da jikansa ya raka mu maƙabarta. Alamar kabarin ta ɓace, sai dai ya nuna mana sashen. Baba ya tsaya ya yi addu'arsa, ya daɗe, ni kuma na ja baya.

Shekara goma sha huɗu bayan korar su Baba, a 1983, mu ma mun kori 'yan Gana daga nan Legas, har jakar da suka zuba kaya ta samu suna. Ba wanda ya tuna mini da wannan a can, ko sau ɗaya.

Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya jiƙan iyayenmu. Wanda na yi wa laifi cikin ruɗewa, ko na kasa ɗaga wayarsa, ya yafe mini. Baba na samun sauƙi, likita dai ya ce a rage masa hayaniya, don haka masu zuwa dubiya a daure a zo bayan la'asar. Ranar Lahadi za a yi saukar Alƙur'ani a gida bayan azahar, kuma za a raba goron da tsohon nan na Kumasi ya ba Baba.