Moton da ke kuka a gudu ɗaya tak

Da na haɗa ƙaramin injin zane, mai jan biro a kan takarda, na sa masa moton sitefa (irin moton da ke juyawa taku-taku) guda biyu samfurin NEMA 17, da direba A4988, wato 'yar na'urar da ke ba moton wuta, a kan allon Arduino, ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injin. Idan ya tafi a hankali sosai, lafiya lau. Idan ya zabura da gudu, nan ma lafiya. Amma da ya kai wajen milimita 30 a daƙiƙa sai ya hau gurnani, teburin ya ɗauki rawa, layin da ya kamata ya miƙe ya fito kamar haƙoran zarto. Wani lokaci ma zanen gaba ɗaya ya goce gefe.

Na ɗauka rashin ƙarfi ne, sai na murɗa ɗan kusan da ke kan direban na ƙara wuta. Moton ya yi zafin da ba a iya riƙe shi, kukan kuwa sai abin da ya ci gaba. Kwana biyu na ɓata a nan.

Lissafi ne ya fitar da ni. Moton yana taku 200 a zagaye ɗaya, digiri 1.8 kowane taku. Bel ɗina GT2 ne, fulin da ke jan sa mai haƙora 20, wato milimita 40 a zagaye, taku 5 ke nan a kowace milimita. Gudun da yake kuka ya kama taku 150 a daƙiƙa. Ashe duk takun da ya yi, abin da ke juyawa a cikinsa ba ya tsayawa cak: yakan wuce wurin kaɗan, maganaɗisu ya jawo shi baya, ya yi ta kai-komo kafin ya natsu. Idan taku na gaba ya riƙa isowa daidai da wannan kai-komon, sai abin ya zama kamar tura yaro a lilo, kowane turi na ƙara masa nisa, har ya kuɓuce. In kuma ya kuɓuce, taku huɗu-huɗu yake tsallakewa. Na sa rula a kan zanen da ya goce: milimita 0.8, ko ninkinta. A nan na yarda. Wutar da na ƙara, ƙarfin turin kawai na ƙara.

Kuskuren nawa ne tun farko, domin ban sa 'yan mahaɗan nan uku da ke ƙarƙashin direban, masu raba taku ƙanana-ƙanana, ba, shi ya sa yake cikakken taku. Da na sa su, kowane taku ya rabu 16, zagaye ya koma 3200, na canza saitin taku a kowace milimita a GRBL, manhajar da ke tafiyar da injin, daga 5 zuwa 80. Gurnanin ya ragu sosai nan take. Na mayar da wutar ƙasa, na ɗaga saurin tashi don ya ratsa wannan gudun ba tare da ya daɗe a ciki ba.

Robar da na sa tsakanin moton da ƙarfen jikin injin ta hana ƙarar shiga tebur, sai dai ba ta taɓa abin da ke faruwa a cikin moton ba, don haka kada a saya da zaton magani ce. Haka kuma na daina gwada moto zallansa a kan tebur. Ba kaya a kansa ya fi rawa, gogayyar bel da nauyin da yake ja su ne ke kwantar da shi.

Daga baya na sauya direbobin zuwa TMC2209. Yanzu ƙarar biro a kan takarda ta fi ta moton.