Inda Na Kai a Koyon Shirya Siririn Yankin Dutse

'Yan'uwa masu koyon ilimin duwatsu, aikin da na sa a gaba shi ne shirya siririn yankin dutse wanda haske zai iya ratsa shi, domin a duba shi a maikiroskof. Kaurin da ake nema shi ne maikiron 30, wato milimita 0.03. Henry Clifton Sorby na Ingila ya fara nazarin duwatsu ta wannan hanya tun 1849, kuma har yau tushen aikin bai canza ba.

Yanka da zarto mai bakin daimon ya zauna mini a hannu, muddin ruwa yana zuba a bakin zarton don kada ya yi zafi. Daga nan na goge fuska ɗaya ta dutsen giranit da na yanko, na manna ta a ƙaramin gilashi da gam, ina dannawa daga tsakiya har kumfar iska ta fita, sannan na sake yanke mafi yawan dutsen.

Gugar ƙarshe ita ce mai cin lokaci. Ana yin ta a kan faifan gilashi da ruwa da garin silikon kabaid, daga mai gautsi, lamba 220, zuwa 400, sannan 600, kuma wajibi ne a wanke faifan da yankin da hannuwa sarai kafin a canza lamba, domin ƙwaya ɗaya ta gari mai gautsi ta isa ta karce aikin yini guda. Gefuna kuma sun fi tsakiya saurin cinyewa, don haka nake juya gilashin lokaci-lokaci.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne dutsen da kansa yake nuna kaurinsa. Idan aka gicciya matatan haske biyu da ke cikin maikiroskof, ɗaya a ƙasan yankin ɗaya a samansa, ma'adinin kwaz yakan fito ruwan ɗorawa in da sauran kauri, sa'ad da ya koma fari ko ruwan toka kuwa, lokacin tsayawa ya yi. A ganina, sashen koyar da ilimin duwatsu da ya sayi maikiroskof mai tsada alhali gari da gam da gilashi suna yankewa, ya bar ɗalibansa da kallon aikin wasu kawai.

Gaba zan gwada dutsen basalt, wanda galibi ba a samun kwaz a cikinsa, don haka da launin ma'adinin felsfa zan auna kaurin.