Auna ruwan famfo a unguwannin gefen birni: abin da aikin ya koya mini

Tambayar da na fara da ita kamar mai sauƙi ce: a cikin gidajen da ke gefen birni, nawa ne ke samun ruwan famfo? Hukumar ruwa tana da amsa a rubuce, sai dai amsarta ƙidayar bututu ce. Gidan da aka ja wa layi shekara goma da suka wuce yana nan cikin lissafi, ko da kan famfonsa ya yi tsatsa. Don haka na sauya tambayar: awa nawa ruwa ke zuwa a mako, da wane ƙarfi, kuma a hannun wa maganar take idan ya ɗauke.

Iyaka ce ta fara ba ni wahala. Taswirar ƙidayar jama'a daban, ta mazaɓu daban, ta shiyyoyin hukumar ruwa daban, kuma babu wadda ta hau kan 'yar'uwarta. Da na ɗora su a QGIS, manhajar haɗa taswira a kwamfuta, sai na ga titi ya bi ta kan rufin gidaje. Dalili shi ne wata tana kan tsarin WGS84 mai lissafi da digiri, wata kan UTM mai lissafi da mita, wata kuma tsohuwa ce da aka zana da ma'auni na daban. Sai an mayar da su duka tsari ɗaya kafin a auna ko da taku ɗaya ne. Bayan haka ma ban yarda da iyakokin hukuma ba, domin mazaɓa guda takan haɗa tsohuwar unguwa mai bututu da sabuwar da ba a taɓa haƙa mata rami ba, matsakaicin lissafi ya fito da kyau, masu ƙishi su ɓace a ciki. Na yanka yankin gida-gida, kowane murabba'i mita 250 tsawo da faɗi, na yi aiki da su.

Jerin gidaje kuwa babu shi. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat, da kowane ɗigon hoto ke ɗaukar mita 30 na ƙasa, sun isa su nuna yadda birni ya bazu daga shekara zuwa shekara. Na Sentinel-2 mita 10 ne, su ma ba sa rarrabe gida da gida. Abin da ya taimaka shi ne zanen gine-gine na OpenStreetMap, taswirar intanet da 'yan sa-kai ke zanawa, da na Open Buildings da Google ya fitar a 2021. Amma rufi ba iyali ba ne. Rufi ɗaya kan rufe 'yan haya shida, iyali ɗaya kan mallaki rufi huɗu, ga kuma kangaye da ba kowa a ciki. Dole aka bi da ƙafa aka rubuta kowane iyali a murabba'an da ƙuri'a ta faɗa wa. Lissafin adadin kuwa haka ya kasance: idan ana son tabbaci na kashi 95 da kuskuren da bai wuce kashi 5 ba, ana buƙatar gida 384. Tunda maƙwabta layi ɗaya suke sha, amsarsu takan zo iri ɗaya, sai na ninka biyu, ya zama 768. Na ƙara kusan ɗaya cikin goma saboda waɗanda ba za a samu a gida ba, na tsaya a rukuni 42, kowanne gida 20. Yawan rukunai ya fi yawan gidaje a rukuni guda amfani, kodayake ya fi cin kuɗin mota.

A gwajin farko na takardar tambayoyi na yi kuskuren da kowa ke yi, na tambayi mutane ko suna samun ruwa kullum. Kusan kowa ya ce "wani lokaci", amsar da ba a iya komai da ita. Na sake tsari: jiya ya zo? Da ƙarfe nawa? Yaushe ya ɗauke? Haka har kwana bakwai baya, rana-rana. Wanda za a tambaya shi ne mai ɗiban ruwan, ba lallai mai gida ba, don shi sau da yawa kuɗin kawai ya sani. Na bi ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ke aiki da shi: ruwa ya kasance a cikin gida, a same shi lokacin da ake buƙata, kuma babu ƙazanta. Matakin da ke ƙasa da wannan shi ne zuwa da dawowa kada su wuce minti 30, har da tsayuwa a layi. Layin nan ne masu tambaya ke mantawa.

Mun ɗauki amsoshi da KoboToolbox, manhajar cike fom ɗin bincike, a waya. A sa wa fom ɗin takunkumi tun farko: awa ba ta wuce 24, kuma kada ya karɓi wurin GPS sai kuskurensa ya sauka ƙasa da mita 10. A kunna rubuta lokacin farawa da na gamawa. Hirar minti 25 da aka gama cikin minti shida, a gindin bishiya aka cike ta. Na kuma sa a koma gida ɗaya cikin goma a maimaita tambaya biyar.

Bakin mutum na iya mantuwa, shi ya sa na ɗaura na'urar auna ƙarfin ruwa a wasu famfuna, tana rubutawa duk minti 15: a tudu, a kwari, da ƙarshen layi. A nan aikin ya yi armashi. Unguwa ɗaya, jadawali ɗaya a takarda, amma na kwari su kwana da ruwa, na tudu su samu ɗigo da asuba. Wasu gidaje sun haɗa injin zuƙo kai tsaye da bututun hukuma, suna janye rabon na bayansu. Kuma duk lokacin da bututu ya bushe, ƙarfin cikinsa kan faɗi har ya zuƙo ruwan kwata ta wuraren da ya tsage. Saboda haka ruwan farko bayan ɗaukewa shi ya fi haɗari, kuma shi mutane ke rububin tarawa. Ana son sinadarin kulorin da ya rage a bakin famfo kada ya gaza miligiram 0.2 a lita, ƙwayar E. coli kuma, mai nuna ƙazantar bayan gida, kada a samu ko ɗaya a mililita 100. Kwalbar ɗaukar samfuri sai da sodiyom tayosalfet a ciki, sinadarin da ke kashe ƙarfin kulorin, in ba haka ba kulorin zai ci gaba da kashe ƙwayoyin a hanya, sakamako ya fito tas alhali ƙarya ne. A sa a ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji cikin awa shida. A gwada na famfo, a gwada na mazubin da aka ajiye, don sau da yawa a can ɓarnar take.

Ɓangaren mulki ya fi wuyar kamawa. Kasafin kuɗi lamba uku ne: abin da aka amince, abin da aka saki, da abin da aka kashe. Wanda ya kawo ta farko kawai bai faɗi komai ba. Hira da manyan jami'ai ta ba ni manufofi. Abin da ya buɗe mini ido shi ne bin fashewar bututu guda ɗaya, daga ranar da aka kai ƙorafi zuwa ranar gyara, ina rubuta kowane sa hannu. Bututun na hukumar ruwa ne, titin da ke kansa na wata hukuma, izinin fasa kwalta na wata, wutar da ke tura injin kuma ta kamfani. Kowa na jiran takardar wani. Jadawalin rabon ruwa na gaskiya kuwa ba a ofis na same shi ba, yana kan ma'aikacin da ke yawo da makulli yana buɗe bawul yana rufewa. Da shi ya kamata a fara hira, ba a ƙare ba.

Tunda wasu gidajen sun ja layi ba da izini ba, bayanan wurinsu na iya jawo musu tara. Na cire sunaye, na gusar da kowane wuri a taswirar da za a buga, kamar yadda binciken DHS, na yawan jama'a da lafiya, ke yi, inda ake gusar da rukunin birni har kilomita biyu. Zagayen farko da rani aka yi shi, kuma da na tsaya nan da na ba da rabin labari: da damina rijiyoyi kan cika, dogaro da famfo ya ragu, ƙazantar ruwa kuma ta ƙaru. Sai da muka koma gidajen nan 840 bayan wata shida da tambayoyi iri ɗaya.