Alhamdulillahi, an sa hannu a kundina

Jiya wajen ƙarfe sha biyu na fito daga ɗakin kare kundin digirina na biyu, gwiwoyina na rawa, amma an sa hannu. Saƙonni sun yi yawa har na kasa bin su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zo nan in yi godiya, kowa ya ɗauki tasa.

Da Malamina mai duba aikin zan fara. Ranar da na kai masa take, na ce zan yi nazari kan rayuwa da siyasar Chlöe Swarbrick, 'yar majalisar Niyu Zilan mai rajin kare muhalli, sai ya zare tabarau ya ce, "Me kika sani a kanta?" Na ce ita ce wadda ta ce wa wani ɗan majalisa "OK boomer" a 2019, wato "to, mun ji, dattijo", da ya katse ta tana jawabi kan dokar rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Ya ce, "Wannan duk mai waya ya san shi. Je ki nemo mini yadda ta ci zaɓe." Malam, a kan wannan umarni na yi shekara biyu. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Jan biron nan ma na yafe.

Da na tona sai na ga ashe bidiyon nan kumfa ce kawai. An haife ta a birnin Okland na Niyu Zilan a 1994, ta karanta shari'a da falsafa, ta yi aiki a gidan rediyon ɗalibai tana tsare 'yan siyasa da tambayoyi. A 2016, tana da shekara 22, ta fito takarar magajin garin Okland ba jam'iyya, ta zo ta uku da ƙuri'a 29,098. Faɗuwa ce, amma ita ta buɗe mata ƙofar jam'iyyar Green ta masu rajin kare muhalli, har ta shiga majalisa a 2017 tana da shekara 23. Rabon da a ga mai ƙuruciyarta a zauren tun 1975. Sai dai a can ƙuri'a biyu kowa ke jefawa, ɗaya ta jam'iyya, ɗaya ta ɗan takarar mazaɓa, ita kuma ta jerin sunayen jam'iyya ta shiga. Masu sukarta na iya cewa inuwa ta samu ta fake. A 2020 ta rufe musu baki: ta ci mazaɓar tsakiyar Okland da ratar ƙuri'a 1,068, a shekarar da jam'iyyar Leba ta Jacinda Ardern, firaministar ƙasar a lokacin, ke ta lashe kujeru kamar wutar daji. Kafin ita, Jeanette Fitzsimons kaɗai ta taɓa ci wa Green mazaɓa, a 1999. Waɗannan ƙuri'u dubu da 'yan kai kuwa matasa 'yan sa-kai ne suka tattaro su, suna bin gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa. Babina na huɗu kenan, kuma shi na fi so.

Shi ne kuma ya so ya salwanta. Saura mako uku a kare kundin, kwamfutata ta yi ɗif cikin dare, fuska baƙi ƙirin, babin na ciki, ban ajiye shi ko'ina ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata. Yaya, kai ka ɗauke ta da sassafe ka yi yawon masu gyara har aka ciro abin da ya ciru, kuma har yau ka ƙi faɗa mini nawa ka kashe. Ƙawata, ke kika ba ni taki na kwana goma sha ɗaya alhali kema aikinki na jiran ki. Shafi tara da suka ɓace na sake rubuta su daga 'yan takardun da kika hana ni zubarwa. Ba ni da bakin gode muku.

Na gode wa malamin da aka gayyato daga waje, duk da ya sa ni gumi. Ya tambaye ni ko ina tare da Swarbrick a fafutukar halatta wiwi, wadda aka kai ƙuri'ar raba gardama a 2020 kashi 50.7 suka ƙi. Na ce a'a, ranka ya daɗe, nazarinta na yi, ban yi mata mubaya'a ba. Ya yi murmushi ya juya shafi.

Umma, ke ce ƙarshe don ke ce babba. Kin sha tarar da ni da asuba ina sauraron zaman majalisar wata ƙasa, ki girgiza kai ki wuce alwala. Ranar da na gaya miki an zaɓe ta ɗaya daga cikin shugabannin jam'iyyarta biyu a Maris 2024, cewa kika yi, "Wai ita yarinyar nan ta san kina shan wannan wahala a kanta?" Ba ta sani ba, Umma. Allah ya ja kwana, ya bar mana ke.

An ba ni mako biyu in yi gyare-gyare. Wanda ya kira bai same ni ba, ya yi haƙuri, barci nake rama.