Wasiƙa daga Manchester: "sorry" ɗinsu ba sannu ba ce

Assalamu alaikum 'yan uwa na Bauchi, musamman ƙannenmu na jami'ar ATBU masu shirin zuwa Ingila ƙaro karatu.

Tun daga filin jirgi, kalmar da za ta cika muku kunne ita ce "sorry". Kun san ta tun firamare, amma aikinta a nan daban ne. A gida, in mutum ya yi tuntuɓe a Kasuwar Wunti, mai Turancin cikinmu zai ce masa "sorry", yana nufin sannu. Ka faɗa wa Bature haka sa'ad da kofin shayinsa ya suɓuce, zai dube ka ya ce ai ba laifinka ba ne. Shi a kunnensa, ɗora wa kanka laifi ka yi. Su a irin wannan hali tambaya suke yi ko mutum bai ji ciwo ba. Suna jaje da ta'aziyya da ita, amma sai sun ja ta, sun faɗi abin da ya sa, rasuwa ce ko rashin lafiya.

A bas ko cikin kanti, ita ce "gafara dai" ta mai son wucewa. In mutum bai ji abin da ka ce ba, sai ya ɗaga ƙarshenta kamar tambaya, wato "na'am?" Wanda ka taka wa ƙafa ma yakan riga ka faɗin ta.

Wadda ta fi rikita baƙo ita ce ta ofis. In ma'aikaciyar banki ko mai ba da hayar gida ya buɗe baki da ita, ka shirya jin "a'a". Ba tausayinka ya ji ba, ba kuma ƙofar ciniki ya buɗe ba, don haka kada ka tsaya magiya kamar kana neman ragi a Kasuwar Muda Lawal. Magana ta ƙare ke nan. In kuwa ka ji an ja ta a hankali an bi ta da "amma", to faɗa ne ke tafe, sai dai ya sha ladabi.

Har doka ma ta sa baki a kanta. Sashe na 2 na dokar diyya ta 2006 ya ce a Ingila da Wales ba da haƙuri kaɗai ba ya zama amsa laifin sakaci. Lardin Ontario na Kanada ma ya yi tasa dokar a 2009. Duk da haka, kamfanonin inshorar mota na gargaɗin direbobi kada su amsa laifi a wurin hatsari, saboda haka masu shirin tuƙi a nan su iya bakinsu.

Ni dai ban yarda da masu cewa yadda muke amfani da ita a gida kuskure ne ba. A tsohon Turanci, asalin kalmar daga ciwo ne, dangin "sore" ce. Wanda ya faɗa wa mai ciwo ita bai yi nisa da tushe ba. Turancinmu ne, mu riƙe abinmu a gida. In kun zo nan ne kawai za ku sauya, don wanda kuke wa sannun ba zai gane ba.

A gaida mutanen Yelwa da Gubi. Masu tahowa a watan Satumba kuma su tanadi rigunan sanyi.